Haikalin Vaishno Devi a Indiya: tambayoyin da 'yan uwa ke yawan yi kafin su bi abokai hawa dutsen

Duk wanda ya yi karatu a arewacin Indiya, ko Punjab ne ko Delhi ko Noida, da wuya ya gama bai ji wani abokin ajinsa ya ce masa zo mu je Katra ba. Tambayoyin da ke biyo baya kuma kusan iri ɗaya ne, daga sabbin ɗalibai, daga masu rakiyar marasa lafiya da suka samu 'yan kwanaki babu abin yi, har da mutanen gida da suka saba jin "Jai Mata Di" a finafinan Indiya amma basu san me ake kira ba. Shi yasa na tattara su wuri ɗaya. Ni Musulmi ne, labaran da zan kawo kuwa yadda masu addinin suke ba da su ne, ba wai aƙidata bace, kuma ba zan yi musu ba'a ba.

Wai mene ne Vaishno Devi ɗin nan, kuma a ina yake?

Wurin bauta ne na mabiya addinin Hindu, kogo ne a jikin duwatsun da ake kira Trikuta, a gundumar Reasi ta yankin Jammu da Kashmir, can arewacin Indiya. Garin da ke gindin dutsen shi ne Katra, wajen kilomita 50 daga birnin Jammu, daga nan ake fara hawa da ƙafa. Kogon yana bisa tsayin kusan ƙafa 5,200, gine-ginen da suka kewaye shi kuma su ake kira Bhawan. Sunan wurin sunan abar bautar ne da kanta, mace ce a wajensu, suna ce mata Mata Rani ko kuma Mata kawai, kuma kada kalmar ta ruɗe ka, a yarensu uwa take nufi. "Jai Mata Di" ɗin da kake ji kirari ne gare ta, wato nasara ta tabbata ga uwa.

Kenan shi ne babban wurin ziyararsu, wanda dole kowa ya je?

A'a, addinin Hindu ba shi da wuri guda da aka wajabta wa kowa. Wuraren ziyararsu suna da yawa ƙwarai, akwai Varanasi a bakin kogin Ganga, akwai Tirupati a kudu, akwai taron Kumbh Mela da ke zagayawa tsakanin garuruwa huɗu. Amma Vaishno Devi yana sahun gaba wajen yawan jama'a, musamman ga mutanen arewa. A shekarar 2012 waɗanda suka hau sun haura miliyan 10, a 2023 ma sun haura miliyan 9. Abin da za ka yawan ji a bakinsu shi ne ba kai kake yanke shawarar zuwa ba, ita ce ke kiranka, suna ce wa kiran bulawa. Wani zai shirya tsaf tafiyar ta rushe ya ce bata kira shi bane, wani kuma babu shiri sai ga shi a jirgin ƙasa. Da yawa alkawari suke cikawa, an samu haihuwa, an samu aiki, mara lafiya ya tashi.

Ita wace ce a wajensu?

Suna cewa manyan abin bautarsu mata guda uku, Kali da Lakshmi da Saraswati, su suka haɗa ƙarfinsu wuri guda sai ya zama yarinya, aka haife ta a kudancin Indiya a gidan wani mutum mai suna Ratnakar, aka sa mata Vaishnavi. Tun tana ƙarama ta bar gida ta shiga daji tana ibada, burinta ta haɗu da Vishnu, ɗaya daga cikin manyan abin bautarsu maza. Da Rama, wanda suke ɗauka Vishnu ne ya zo a siffar mutum, ya biyo ta wajen yana neman matarsa Sita da aka sace, sai ta gane shi ta nemi ya aure ta. Ya ce mata shi ya riga ya ɗauki alkawarin mace ɗaya, amma zai dawo, idan ta gane shi to shikenan. Ya dawo a siffar tsoho tukuf, bata gane shi ba. Sai ya ce ta tafi duwatsun Trikuta ta ci gaba da ibada har ƙarshen zamani, lokacin da zai dawo da sunan Kalki.

Saboda haka a wajensu budurwa ce har yau, tana jira. Wannan ya shafi abubuwa da yawa na wurin, shi yasa ake girmama ƙananan yara mata a lokacin bukukuwanta, shi yasa kuma babu yanka babu nama (duba tambayar abinci a ƙasa). A hotuna za ka ganta da jajayen kaya a kan damisa ko zaki, da hannaye da yawa kowanne riƙe da wani abu.

To labarin mutumin da aka sare wa kai fa, yaya yake?

Wannan shi ne labarin da kowa ya sani, kuma in baka san shi ba tafiyar za ta zame maka hawan dutse ne kawai. Suna cewa kimanin shekara 700 da suka wuce akwai wani talakan malamin addininsu mai suna Shridhar a ƙauyen Hansali kusa da Katra, mutum ne mai yawan bauta amma ko na tuwo ba shi da shi. Wata rana wata yarinya ta zo masa ta ce ya kira walima ya gayyaci duk mutanen yankin. Hankalinsa ya tashi don bukkarsa ƙarama ce kuma babu hatsi, amma ya bi gida gida ya gayyata, har ya gayyaci wani babban mai zuhudu da ake kira Gorakhnath da almajiransa. Ranar walima jama'a suka cika, bukkar nan ta ɗauke su duka, yarinyar ta fito tana zuba wa kowa abin da ransa yake so daga ƙaramin mazubi kuma bai ƙare ba.

A cikin almajiran akwai Bhairon Nath. Da ta zo kansa sai ya ce shi nama da giya yake so. Ta ce wannan walimar gidan mai tsarki ce, ba a cin nama. Ya nace, ya gane cewa wannan ba yarinyar banza bace, ya kai hannu zai kama ta, ita kuma ta ɓace ta nufi dutse, shi kuma ya bi ta. Ya yi ta binta har wata tara bai haƙura ba. Da ya ritsa ta a bakin kogon da ake ziyarta yanzu sai ta rikiɗe ta koma siffar Kali mai ban tsoro, ta sare masa kai da bugu ɗaya, kan ya yi tsalle ya faɗa wani tsauni can sama, gangar jikin kuma ta zama dutse a ƙofar kogon.

Inda labarin ya fi taɓa masu shi shi ne abin da ya biyo baya. Kan nan da aka sare ya buɗe baki ya roƙi gafara, ya kira ta uwa. Ta yafe masa, har ta ƙara masa da cewa duk wanda ya zo wajenta ziyararsa bata cika ba sai ya hau ya gaishe shi. Daga nan ta zama dutse a cikin kogon. Shi kuwa Shridhar ya shiga baƙin ciki ya daina cin abinci, sai ta zo masa a mafarki ta nuna masa hanyar kogon, shi ya fara yi mata hidima a can, zuriyarsa suka gada. Na taɓa jin wata dattijuwa tana ba jikokinta wannan labarin a kan hanya, da ta zo wajen yafiyar sai muryarta ta canza, a nan na gane cewa su ba saran kan suke riƙewa ba, yafiyar suke riƙewa.

Me ya haɗa wannan labarin da hanyar da ake bi?

Ai hanyar ita ce labarin. Masu ziyara sawun gudun da ta yi suke bi, zango zango. Da ka fita daga Katra za ka fara da Banganga, wani rafi ne, suna cewa biri mai rakiyarta ne ya ji ƙishirwa sai ta harba kibiya a ƙasa ruwa ya ɓullo, wasu kuma suna cewa a nan ta wanke gashinta. Za ka ga mutane suna wanka a wajen. Gaba kaɗan sai Charan Paduka, inda ta tsaya ta waiwaya ta ga ko har yanzu yana binta, akwai dutse mai alamar da suke cewa sawun ƙafarta ne.

Tsakiyar hanya, wajen kilomita 6, sai Ardhkuwari. A nan akwai wani ƙaramin kogo matsattse da ake kira Garbh Joon, a nan ne suka ce ta ɓuya wata tara kamar jariri a cikin mahaifa, da Bhairon ya gano ta sai ta fasa bayan kogon da mashinta mai baki uku ta fice. Mutane suna kutsawa da rarrafe su fita ta ɗaya ɓangaren, suna ganin wanda ya ratsa kamar an sake haihuwarsa ne, layin wajen kan ɗauki awanni masu yawa sai an karɓi lamba. Daga nan sai Bhawan, sannan a ƙarshe haikalin Bhairon da ke sama da Bhawan, inda kan ya faɗi. Wannan hawan na ƙarshe gajere ne amma shi ya fi tsayi a tsaye, tun watan Disamba na 2018 aka sa motar igiya mai tafiya a sama wadda ke kai mutum cikin 'yan mintuna.

A cikin babban kogon gunki ne?

Ba gunkin da aka sassaƙa bane, wannan yana ba mutane da yawa mamaki. Dutse ne na asali mai kawuna uku, suna kiran su pindi. Na dama baƙi ne, shi ne Kali, na tsakiya yana da ja-ja da ruwan ɗorawa, shi ne Lakshmi, na hagu fari-fari, shi ne Saraswati, wato ukun nan da na ambata a tambayar wace ce ita. An lulluɓe su da jajayen ƙyallaye da furanni da kambi, ruwa mai sanyi kuma yana gudana daga gindinsu, mutane suna ɗiba a gora su kai gida. Duk wahalar nan ta awanni, tsayuwar gaban duwatsun daƙiƙu kaɗan ce, masu tsaro suna ta tura layi gaba. Tsohuwar ƙofar kogon, wadda ake bi ta kan dutsen da suka ce gangar jikin Bhairon ce a taka cikin ruwa, ba a cika buɗe ta ba sai jama'a sun ragu, galibi a tsakiyar hunturu. Sauran lokaci ta hanyoyin da aka haƙa daga baya ake shiga a fita.

Na ji ana cewa sassan jikin wata mace ne suka warwatsu a Indiya, yana da alaƙa da nan?

Wannan wani labarin ne daban, na Sati matar Shiva, wani babban abin bautarsu. Mahaifinta Daksha ya shirya babban biki ya ƙi gayyatar surukinsa, ta je ba gayyata, ya ci mutuncin mijinta a gaban jama'a, ita kuma ta faɗa wuta. Shiva ya ɗauki gawar a kafaɗa yana yawo da ita cikin fushi har duniya ta kusa rushewa, sai Vishnu ya jefa makaminsa mai kama da faifai ya yanyanka gawar don Shiva ya dawo hayyacinsa. Duk inda wani sashe ya faɗi ya zama wurin bauta, su ake kira Shakti Peetha, an fi cewa guda 51 ne ko da yake lissafin ya bambanta. Akwai Kalighat a Kolkata, akwai Kamakhya a Assam, akwai Jwalamukhi a Himachal Pradesh, har da Hinglaj a Balochistan ta Pakistan. Game da Vaishno Devi bakinsu bai haɗu ba, wasu suna cewa ƙoƙon kanta ne ya faɗi a nan, wasu suna cewa hannunta na dama ne, wasu lissafin ma basu sa shi ba. Masu ziyara dai labarin Bhairon suka fi ambata.

Ana barin wanda ba Hindu ba ya hau?

Ana bari. Babu wanda zai tambaye ka addininka a wajen rajista, mabiya addinin Sikh suna zuwa da yawa, baƙi ma suna zuwa. Abin da zai ƙara ba ka mamaki, da yawa daga cikin masu jan dawakai da 'yan dako da masu ɗaukar tsofaffi a kafaɗa Musulmi ne, galibi Gujjar da Bakarwal, makiyayan yankin, da wannan sana'ar suke ciyar da iyalansu. Za ka ji mai doki yana cewa "Jai Mata Di" don a ba shi hanya, ka tambayi sunansa ka ji sunan gida. Sai dai ka shirya wa kallo, baƙar fata ba kasafai ake gani a hanyar ba, za a yi ta roƙonka hoto, yawanci da fara'a ne, in ka gaji ka ce a'a da murmushi ka wuce.

A matsayina na Musulmi ya halatta in je?

Ɗan uwa ni ba malami bane, fatawa ka nemi malamin da ka yarda da shi kafin ka sayi tikiti. Abin da na sani shi ne malamai sun yi saɓani kan shiga wuraren bautar wasu, musamman masu siffofi, kuma Bukhari ya kawo maganar Sayyidina Umar cewa ba sa shiga majami'u saboda siffofin da ke ciki. Abin da babu saɓani a kansa shi ne yin bautar, wato rusunawa, roƙo, kaɗa ƙararrawa da niyyar ibada, ɗaura ƙyallen alkawari. Ni abin da na zaɓa wa kaina shi ne in hau hanyar da abokai, in ga wurin, in tsaya a farfajiyar Bhawan in jira su, domin a cikin kogon layi ɗaya ne matsattse kowa yana sunkuyawa, babu inda za ka raɓe, kuma ba daidai bane ka shiga wurin da mutum ya yi tafiyar awanni yana kuka don ya gani kai kuma kallo ya kai ka.

Wanda zuciyarsa bata kwanta da zuwan ba gaba ɗaya, ya zauna, abokai na gari za su fahimta in ka yi musu bayani tun a makaranta ba sai an kai ƙofa ba. Wanda kuma ya je, ya tuna da aya ta 108 a Suratul An'am da ta hana zagin abin da wasu ke bauta wa. Abin takaici ne ka ga mutum ya ci abincin mutane, sun ba shi bargo, ya dawo ya hau Facebook yana musu dariya. 'Yan uwa Kiristoci ma wannan tambayar suke yi, amsar dai ɗaya ce, ka san iyakarka tun kafin ka tashi.

In aka miƙo min prasad ko aka zo sa min jan abu a goshi fa?

Prasad shi ne abin da aka gabatar wa abar bautar sannan aka raba, a nan yawanci 'yan ƙwayoyin sukari ne da busassun 'ya'yan itace da kwakwa. Ni bana ci, kuma ban taɓa ganin wanda ya ji haushi don na ƙi ba, muddin ka ƙi da ladabi. Ka ɗora hannu a ƙirji ka ce na gode, addinina bai bani dama ba, shikenan. Abin da bai kamata ba shi ne ka karɓa sannan ka yar a ƙasa ko a kwandon shara a gabansu, in har ya riga ya shiga hannunka ka miƙa wa abokinka, shi murna zai yi. Jan ɗigon goshi ma haka, ka ja baya kaɗan ka girgiza kai tun kafin hannun ya iso. Jan ƙyallen da ake ɗaurawa a kai mai rubutun kirarinta kuwa ba ado bane, alamar mai ziyara ce, kada ka ɗaura don hoto.

Yaya ake zuwa Katra daga Delhi ko Punjab?

Jirgin ƙasa ya fi sauƙi. Tashar Katra an buɗe ta a watan Yuli na 2014, kuma tun Oktoba 2019 akwai jirgin Vande Bharat da ke tasowa daga New Delhi ya isa cikin kamar awa 8, yana tsayawa a Ambala da Ludhiana da Jammu. Akwai jiragen dare masu araha, akwai bas. Wanda ya fi son jirgin sama ya sauka a Jammu ya ɗauki tasi. Tikitin jirgin ƙasa ka saya da wuri, lokacin biki makonni kafin ranar yake ƙarewa. Tun watan Yuni na 2025 jirgi yana wucewa daga Katra har Srinagar ta kan gadar kogin Chenab, wadda tsayinta ya kai mita 359 daga ruwa, in kana da lokaci wannan ma abin gani ne.

Akwai rajista? Wace takarda zan riƙe?

Akwai, kuma kyauta ce. Ana yi ta intanet ko a kantocin hukumar wurin a Katra, har a tashar jirgin, sai a ba ka kati mai na'ura da za ka rataya a wuya, ba za ka wuce shingen Banganga ba sai da shi, kuma yana da wa'adin awanni, kada ka karɓa ka je ka kwanta. An kawo katin ne a 2022 bayan turmutsutsun da zan ambata a tambayar haɗari. Fasfonka da bizarka su kasance a jikinka, ɗalibi ya haɗa da katin makaranta da takardar rajistar baƙi, otal ma sai ya cike maka fom na baƙi. Ka sanar da ofishin ɗaliban waje na makarantarku kafin ka tafi.

Ga wani abu da ke kama mutane da yawa: layin waya na kati da aka saya a wata jiha baya aiki a Jammu da Kashmir, sai layin biyan wata. Da jirgi ya tsallaka iyaka za ka ga sabis ya ɗauke. Don haka ku yi alkawarin wurin haɗuwa tun kafin ku fara hawa, ka kuma riƙe tsabar kuɗi, kada ka dogara da biya ta waya.

Tafiyar awa nawa ce, kuma dole sai da ƙafa?

Wajen kilomita 12 zuwa 13 ne daga Katra zuwa Bhawan, mai lafiya yana yi cikin awa 4 zuwa 6. Wanda ya saba hawa Dala ya ɗauka ya san hawa, to nan Dala ce a kan Dala har sai gwiwa ta gaya maka. Hanyar dai shimfiɗaɗɗiya ce, da rumfa a wurare da yawa, da fitilu, da banɗaki da ruwan sha, kuma a buɗe take dare da rana, mutane da yawa ma da dare suke hawa don gudun rana. Akwai matakala masu yanke hanya, shawarata ka bar su wajen hawa, suna cinye ƙarfi.

In ba za ka iya ba akwai doki, akwai palki wato kujerar da mutum huɗu ke ɗauka, akwai pithu mai goya yaro ko kaya, kuɗinsu hukuma ce ta ƙayyade, ka biya a wurin biyan kuɗin hukumar ka karɓi rasit. Akwai motoci masu batir daga Ardhkuwari zuwa Bhawan, an fi ba tsofaffi da marasa lafiya. Akwai helikwafta daga Katra zuwa Sanjichhat cikin 'yan mintuna, amma daga can ma sai ka taka wajen kilomita 2 da rabi. Akwai kuma sabuwar hanyar Tarakote da aka buɗe a 2018, ta fi tsawo kaɗan amma bata da tsauri kuma dawakai basa bi. Mai ciwon zuciya ko asma, ko wanda aka yi wa aiki kwanan nan, don Allah ya tambayi likitansa, masu rakiyar jinya ku kula da wannan sosai.

Wane lokaci ya fi, kuma akwai haɗari?

In kallon al'ada kake so, Navratri ne, bikin dare tara da ake yi sau biyu, wajen Maris ko Afrilu da kuma Satumba ko Oktoba, ana ƙawata Bhawan da furanni, amma cunkoson ba na wasa bane. Mayu da Yuni hutun makarantu ne, nan ma cike yake. Disamba zuwa Fabrairu akwai sanyi mai tsanani har da dusar ƙanƙara a sama. Ni na fi son ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ko Maris kafin biki.

Lokuta biyu zan ce ka guje musu. Daren sabuwar shekara, domin a ranar 1 ga Janairu 2022 turmutsutsu a Bhawan ya kashe mutum 12. Sai tsakiyar damina, Yuli da Agusta, domin a ranar 26 ga Agusta 2025 ƙasa ta zaftare kusa da Ardhkuwari ta kashe sama da mutum 30, aka rufe hanyar na makonni. Batun tsaro kuma, yankin yana da tarihinsa, a watan Yuni 2024 an kai hari kan wata bas ta masu ziyara a gundumar Reasi mutum 9 suka mutu, shi yasa za ka ga jami'ai da bincike a kowane zango. Ka ba su haɗin kai, kada ka ɗauki hotonsu.

Me zan ci, kuma ina zan yi salla?

Nama da ƙwai da giya an hana su a Katra da kan hanyar, a wuraren cin abincin hukumar ko albasa da tafarnuwa ba a sawa. Kada ka ɓoye kilishi a jaka, ana bincike kuma cin fuska ne a wajensu (ka tuna abin da Bhairon ya nema a walima). Abincin da ya fi tashe shi ne rajma chawal, shinkafa da miyar jan wake, da zafinsa a cikin sanyin nan wallahi yana shiga, sai puri da chana, wato soyayyar gurasa da miyar wani irin wake, sai shayi ko'ina. Akwai wuraren da ake ciyarwa kyauta.

Salla kuwa ka tsara ta tun a ƙasa. Kai matafiyi ne, kana da sauƙin ƙasaru da haɗawa, ka yi a ɗakin otal kafin ka hau ko bayan ka sauko. Ban ba ka shawarar shimfiɗa darduma a tsakiyar hanya ko a Bhawan ba, wurin ibadar wasu ne kuma ana iya yi maka mummunar fahimta. In lokaci ya matse ka tambayi masu dawakai inda suke yi. Masallatai suna nan a birnin Jammu.

Wace sutura zan sa, me ba a shiga da shi?

Suturar mutunci, kaftani ko doguwar riga da mayafi duk sun yi, 'yar uwa mai hijabi babu mai hana ta, mata ne ke binciken mata. Kambas mai laushi, rigar sanyi ko da bazara ce, da sanda, ana sayarwa a Banganga da araha. Kusa da kogon ana ajiye takalmi da waya da kyamara da duk abin fata kamar bel da walat a loka. Safe da yamma ana dakatar da shiga na wani lokaci saboda addu'arsu ta fitilu, in abokanka suka faɗa wannan lokacin jiranka zai yi tsawo, ka nemi bargo. Birai kuma ɓarayi ne na gaske a hanyar nan, leda a hannu gayyata ce, ka sa komai cikin jakar baya.

Wa ke kula da wurin, ina kuɗin da ake zubawa ke tafiya?

Kafin 1986 wata tsohuwar gidauniya da wasu iyalai masu gado ne ke karɓar kyaututtukan. A shekarar ne gwamnan jihar na lokacin, Jagmohan, ya kafa hukumar da ke riƙe da wurin har yau, lokacin masu zuwa basu kai miliyan ɗaya da rabi a shekara ba. Hukumar ce ta shimfiɗa hanyar ta sa wuta da masaukai, kuma da kuɗin aka gina jami'a da babban asibiti a Kakryal kusa da Katra. Iyalan da aka karɓe wa kuwa har yanzu suna neman a maido musu haƙƙinsu, masu dawakai da 'yan kasuwar Katra ma sun sha yin zanga-zanga kan shirin sa motar igiya tun daga ƙasa, don suna ganin za ta kashe musu abinci.

Sauran haikalan abin bautarsu mata ma haka tsarinsu yake?

Ko kusa, kada ka ɗauki dokar nan ka kai wani wuri. A Kamakhya da ke Guwahati ana yanka awaki, kuma duk watan Yuni ana rufe haikalin kwana uku don suna cewa abar bautar tana al'ada, sannan a buɗe da gagarumin biki. A Jwalamukhi wuta ce ke fitowa daga tsagar dutse ita ake bauta wa, har suna ba da labarin cewa sarki Akbar ya yi ƙoƙarin kashe ta ya kasa. A Meenakshi da ke Madurai a kudu kana iya zaga farfajiya ka kalli hasumiyoyin nan masu launi, amma can ciki an rubuta ƙarara Hindu kaɗai ke shiga. Duk wanda za ka je ka tambayi ɗan gari tukuna, in ka ga allo a ƙofa kuma ka tsaya ka karanta.